Igiya Mai Ɗingishi

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida, samarin unguwarmu suna dafa shayi a gindin katanga, sai na ji jikan ƙanena yana ba su labari. Wai ya ga ana yasar rijiya a Tama, kuma duk cikin ma'aikatan ba wanda ya kai mai riƙon igiya hutawa. Ya tashi ya gwada musu: mutum tsaye a bakin rami, hannu ɗaya a igiya, ɗaya yana korar ƙuda, da yamma kuma a raba lada da shi. Suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don yaron ya iya kwaikwayo. Amma na ce in ya shanye shayinsa ya zo ya zauna. Ni maginin rijiya ne, mu nan gina muke ce wa haƙa, kuma a cikin rami na cinye ƙuruciyata. Abin da na gaya masa ranar shi zan maimaita, saboda na lura ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Rijiyar da na fara sa hannu a kanta ta wani mai garka ce a kwarin Tama. Ubangidana Baba Gado ne, tsoho marar yawan magana, wanda in ka yi daidai sai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya yi tari. Damina biyu ta wuce ina kwasar ƙasa ina kaiwa nesa da bakin rami kafin ya yarda na leƙa ciki. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai diga mai gajeren ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a ciki. Akwai dagi na ƙarfe na fasa dutse, da ƙwarya ta kwasa, da gugar fatar bijimi. Sai wata sanda da aka yanke daidai faɗin rijiyar, wadda kake juyawa kana dubawa ko ramin ya tsuke ko ya buɗe, da dutse a bakin zare da ake sakowa daga sama don kada ginin ya karkace. Da safe kafin kowa ya sauka ana fara sauke fitila. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, sai a ɗaura rassan ganye a yi ta sama da ƙasa da su har ta gyaru. Duk wannan yaro mai hankali zai iya koya cikin rani guda.

Abin da ba a koyo cikin rani guda shi ne igiya. Biyu ake sakawa. Ɗaya ta guga ce, kowane mai ƙarfi yana iya janta. Ɗayar kuwa a ƙugun magini take ɗaure, muna ce mata igiyar rai, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe ta tun daga saukarka har fitowarka. Rijiyoyin kan tudu na ƙasarmu suna da zurfi, in ka yi nisa sararin sama ba ya wuce faifai, muryarka kuma ba ta isa sama sai gunji. Da igiya ake magana. Mai riƙonta yana jin lokacin da ka sunkuya, da lokacin da ka miƙe, da lokacin da ka daɗe ba ka motsa ba. Kai ma daga ƙasa kana jinsa. Igiyar da ke hannun mutum tana ɗan motsi, tana ba ka in ka nema, tana karɓa in ka saki. Wadda aka ɗaure a turke kuwa matacciya ce, kana taɓa ta za ka sani. In za a fito da kai, mai igiyar ne ke ɗora ta a kafaɗa ya yi gaba, tana bi ta kan icen da aka gitta a bakin rami, masu ja su kama a bayansa su bi takunsa.

Saboda haka sana'ar take da ƙa'idojinta, ba wanda ya rubuta su amma kowa ya sani. Ba a ɗaukar magini a bar mai igiyarsa, tare ake kiransu, tare ake sallamarsu. In ruwa ya fito, ƙwaryar farko da aka ɗebo, da lakarta da komai, mai igiya ne ke fara sha, kafin mai rijiya, kafin maigari. Sannan wanda rami ya nakasa ba a korarsa gida, igiya ake ba shi. Mu ba mu san wani abu wai shi fansho ba, wannan ce tamu.

Masu kiranmu aiki iri-iri ne. Masu albasa na wajen Madawa sun fi kowa gardama, kullum gani suke da su ne da tuni sun iske ruwa. Mutanen gari kuwa hatsi suke tarawa gida-gida, mata su yi ta kawo fura suna tambaya ko mun fara jin sanyin ƙasa. Na fi jin daɗin makiyaya. Akwai wani Bafillace, Hamma Sambo, mai shanu da gona a arewacin Buza, wanda muka yi wa rijiya bayan shekarar fari ta farko. Yana yi mana Hausa, ya juya ya yi wa yaransa Fillanci su kawo nono, bai taɓa tambayar yaushe za mu gama ba. Ya ce shi ya san jira, saniya ma ba ta haihuwa don an matsa mata.

A rijiyarsa ne tsautsayi ya sami Arzika. Arzika ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Tun da ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, bawansa yake ce mini, a gaban kowa, har a gaban surukaina. Ya girme ni kaɗan, ya kuma fi ni iya gini nesa ba kusa ba. Ranar yana ciki, guga ta kusa kaiwa sama cike da duwatsu sai maratayinta ya tsinke. Allah ya sa ya manne da bango, amma dutse ɗaya ya same shi a cinya. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin ya kama, sai dai ƙafar ta gajarce. Da ya fara takawa da sanda, Baba Gado ya je gaishe shi, ya ɗauki igiyar raina a naɗe ya ajiye masa a cinya, ya yi masa sannu ya fito. Arzika ya dubi igiyar ya dube ni.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Yau dai bawana ya shiga hannu. Sai in ga ta inda za ka tsere."

Tun daga nan shi ke riƙe da ni. Da farko na ji tsoro, don in yana fito da ni igiyar ba ta tafiya daidai. Ja ɗaya mai tsawo, ja ɗaya gajere, yadda ƙafarsa take. Sai ka ji kana hawa kana tsayawa, kana hawa kana tsayawa. Kafin rani ya fita na saba, har ya zama in na ji wannan ɗingishin a ƙuguna sai in saki jiki in rufe ido. Shekaru muka yi haka, daga Tama zuwa ƙauyukan Keita, ba mu taɓa samun ko ƙwarzane ba.

Sai shekarar fari ta biyu ta zo, wadda ta biyo ta farko da kamar shekara goma. Hatsi ya tsaya a gwiwa ya bushe. Ba garin da ke da abin tarawa ya kira magina, makiyaya kuma ba su da sauran dabbar da za su shayar. Baba Gado ya riga ya rasu. Aikin rijiya bai ƙare ba, har ma ya ƙaru, sai dai ya bar hannun mutanen gari ya koma hannun 'yan kwangila. A lokacin ne muka ji wani Alhaji ya sami aikin rijiyar siminti a wani ƙauye gaba da Tabotaki. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, ɗiyansa kuma suna nan. Muka ɗauki diga da igiya muka tafi a ƙasa, ni da Arzika.

Mun iske mutane sun fi kasuwa yawa a shantiyen, wato filin aikin. Manoma ne da makiyaya, wasu da ƙyar suke tsayuwa. Alhaji ba ya zama a wurin, kafaran ɗinsa Mani, wato shugaban leburori, shi ke ɗaukar ma'aikata, kuma ga yadda yake ɗauka. A ɗora maka buhun siminti daga kamiyo, wato babbar motar kaya, ka kai shi gindin wata aduwa da sassarfa ka dawo. Wanda ya faɗi ya tafi gida. Wanda ya dawo a tsaye a ce an ɗauke shi gwaji. Ɗan gwaji ba shi da komai sai tuwon rana, wai sai an ga aikinsa. Ma'aikatan da aka ɗauka sosai kaɗan ne, su ake auna wa jar dawa ranar kasuwa, kuma yawancinsu dangin Alhaji ne da ba su taɓa buhun ba. Cikin masu layi na hangi Hamma Sambo, da rawaninsa ya koɗe. Shanun sun ƙare, jaki ɗaya ya rage masa. Ya ɗauki buhun ya kai ya dawo, da muka haɗa ido ya yi mini murmushi kamar a bakin rijiyarsa muke.

Ni ba a sa ni ɗaukar buhu ba, don ba su da wani magini da ya san dutse. Mani ya dubi ƙafar Arzika tun kafin mu gama sallama.

"Kai mun ɗauke ka, sunanka ya riga ka zowa," ya ce mini. "Wanga gurgun ko, ba mu da wurinai."

Na ce, "Kafaran, ba a raba magini da mai igiyatai. In kunka ɗauke ni, kun ɗauke shi."

Ya sosa haɓa, sannan ya ce to Arzika ya riƙe, amma gwaji ne. Ya ci tuwon rana da mutane, ranar da Alhaji ya zo ya gani da idonsa sai a ɗauke shi. Na dubi Arzika, ya ɗaga mini gira alamar in karɓa. A Tama ya baro mata da ɗiya huɗu da tsohuwarsa, rumbunsa kuma an share shi har ƙasa. Muka karɓa, a tunaninmu maganar 'yan kwanaki ce.

Rijiyar nan ta ba mu wuya. Bayan jar ƙasa muka iske farin dutse, bayansa wani baƙi da dagi ke tsalle a kansa yana fitar da wuta. Wata rana yini guda abin da nake fasawa bai cika guga biyu ba. Ana ginawa ana zuba siminti a bango, 'yan gwaji ne ke kwaɓawa, su ke ɗaukar tsakuwa, su ke jan guga. Ranar kasuwar Tabotaki ta farko Mani ya tara su ya ce aikinsu bai gamsar ba, su tafi. Kafin su gama karkaɗe riguna an fara ɗora wa wasu buhu. Kasuwa ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Ba wanda aka taɓa ɗauka daga cikinsu, ko mutum ɗaya. Hamma Sambo ma an sallame shi a zubin farko, bai da inda za shi, sai ya kafa 'yar bukka a bayan gari yana yanko wa mutane kara da jakinsa. Ashe rijiyar gaba ɗaya da tuwon rana ake gina ta.

Arzika kaɗai ba a sallama ba, kuma ba a ɗauke shi ba. Alhaji ya zo ya fi a ƙirga. Duk zuwan da ya yi sai na tare shi na gaishe shi na yi masa maganar. Mutum ne mai fara'a, ya kan dafa kafaɗata ya ce mini malam magini, ya ce yau yana sauri, amma zuwa na gaba zai tsaya ya duba da kansa. Ko sau ɗaya bai taka bakin ramin ya dubi hannun da ke kan igiyar ba. Dawar da ake auna mini nake rabawa biyu, rabi gidana rabi gidan Arzika, in mun sami mai zuwa Tama mu ba shi. Ba ta isar gida ɗaya ma, balle biyu. Daga baya muka ji Hajo matar Arzika ta bi mata zuwa wajen Keita neman aikin ɗaukar dutse, ta bar yaran wurin tsohuwa.

Wata rana muna cin tuwo a inuwar kamiyo, Arzika ya lashe hannu ya ce, "Bawana, ka san mi sunka gane? Sun gane ba ka shiga sai da ni, ni ko ba ni tahiya in bar ka hannun wani. To don mi za su biya abin da sunka samu banza?"

Na ce to mu naɗe igiyarmu mu tafi. Ya tambaye ni ina. Ya ce in mun tafi dawar ta yanke gaba ɗaya, sannan Mani zai zaɓi wani manomi mai jin yunwa ya saka a ramin, wanda bai san fitila ba bai san bango ba. Ga matan garin kuma, tun asuba suke fita neman ruwa sai rana ta take suke dawowa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don na ga ƙa'idar da aka kafa domin ta tsare shi ita aka juya aka ɗaure shi da ita. Na tashi na koma rami ban gama tuwon ba.

Da zafi ya fara, baƙin dutsen ya ƙare, na faɗa kan rairayi mai sanyi. Na cika hannu na aika sama, na ji gunjin guɗar mata har ƙasa. A ƙa'ida nan ake dakatawa. Rairayin da ke da ruwa ba ya tsayuwa, sai an sauke zobban siminti sun tare shi kafin a ci gaba. Zobban ba su iso ba. Alhaji kuwa ya riga ya aika biro, wato ofishin hukuma, cewa an sami ruwa, washegari babban baƙo zai zo ya gani. Da la'asar Mani ya sallami duk 'yan gwaji, wannan karon bai ɗauki wasu ba. Ba a son baƙo ya iske wanda zai tambaya nawa ake ba shi ya ce tuwo. Ga kuma ragon da za a yanka, ba a son baki ya yi yawa. Sannan ya juyo ya ce wa Arzika gwajinsa ya ƙare, Alhaji ya ce ba zai iya nuna wa baƙo gurgu a bakin rijiya ba. Gobe Sanda, surukin Alhaji, shi zai riƙe ni.

Na ajiye diga na ce to gobe su nemi mai shiga. Arzika ne ya ja ni gefe. Ya ce ƙwarya ɗaya kawai suke so su nuna, in huda rairayin kaɗan da dagi in ɗebo in fito, kada in taɓa gefe. In na ƙi, wani za su saka, kuma dawar ranar kasuwa ta tafi. Da safe shi da kansa ya ɗaura mini igiyar, ya ja ƙullin ya sake ja. Ya kama hannun Sanda ya ɗora a kai, ya ce masa abu ɗaya yake roƙo, kome ya faru kada ya ɗaure ta a turke ya tafi. Sanda ƙato ne, ba mugu ba ne, ya ce ya ji. Arzika ya ɗingisa ya koma gindin aduwar nan da ake kai buhu, ya zauna kusa da matan da suka taru da tulunansu.

Saukar ma daban ce, fizga ce da saki, na yi ta buguwa da bango. Da na isa na tsuguna a tsakiya na soka dagi a hankali. Na zare, ramin ya cika da ruwa, ja-ja, mai sanyi. Na yi bisimilla na cika ƙwarya na sa a guga, na girgiza igiyarta. Ba ta motsa ba. Na sake girgizawa. Can sama na ji wani abu kamar ƙahon mota. A lokacin ne na ji ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashina, gefe ɗaya ya zubo ba ƙara ba komai, ya rufe gugar da ƙwaryar, ya kama mini idon sawu. Na kai hannu ga igiyar rai na ja. Matacciya ce. Baƙo ya iso, kowa ya ruga tarbarsa, Sanda ya ɗaure ni a turke ya bi su.

Na yi kira, na san ba mai ji. Na yi ta fizgar igiyar. Rairayin ya kai gwiwa, ya wuce, kuma duk motsin da na yi ƙara nutsewa nake. Na daina motsi na kama salati. Ban san tsawon lokacin ba, sai na ji igiyar ta farfaɗo a hannuna, an kwance ta, ta miƙe ta ɗaure mini ƙugu. Aka ja, rairayin ya ƙi sakina. Aka sake ja har na ji kamar za a raba ni biyu. A na gaba ƙafafuna suka zare, na bar takalmi da dagi a ciki. Na fara hawa. Ja mai tsawo, ja gajere. Ja mai tsawo, ja gajere. Ba sai an gaya mini ba. Daga gindin aduwa Arzika ya hangi igiyar tana rawa a kan ice ba kowa kusa da ita. Can sai tafiyar ta ƙara sauri, matan ne suka ajiye tuluna suka kama, amma ina jin takunsa a ƙarƙashin nasu. Saura kaɗan in kai sama ɗingishin ya ɓace, igiyar ta ci gaba da tafiya sumul. Wannan ya fi rairayin tsorata ni.

Da na fito na same shi kwance a ƙasa can gaba, igiyar ta zame daga kafaɗarsa ta ɗebe fata. Mutum ne da ya yi watanni yana rayuwa da tuwon rana, ya ciro ƙato daga cikin rairayi shi kaɗai. Ya ce ba komai, bayansa ne ya ɗan amsa, a jingina shi. Kafin nan Alhaji da baƙo da jama'a sun iso. Baƙon ya tambaya wane ne wannan. Mani ya yi caraf ya ce ba ma'aikacinsu ba ne, wani mutum ne mai taimako. Alhaji ya ce ina ruwan da za a nuna. Na ce ƙwarya tana ƙarƙashin rairayi. Ruwan da ya fito daga rijiyar nan duka shi ne wanda ke jikin wandona da rigata.

Na karɓi ƙwarya hannun wata tsohuwa, na tuɓe rigar na matse, na kama ƙafar wando na matse. Abin da ya taru bai wuce kurɓi uku ba, rabinsa laka. Mani ya miƙo hannu zai kai wa baƙo. Na wuce shi na durƙusa gaban Arzika. Ya leƙa ƙwaryar ya dube ni.

"Bawana, ruwan wandonka za ka ba ubangijinka?"

Na ce, "Shi na na hwarko. Naka na."

Ya karɓa da hannu biyu ya shanye, har yana tauna rairayi. Ya goge baki ya ce, "Ruwa na. Babu gishiri. Mutanen garin ga sun dace."

Baƙon ya leƙa rami ya ga ƙyallin ruwa, ya yaba, aka ci rago, ya tafi. Da rana ta yi sanyi muka zo ɗaga Arzika, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Na je na roƙi Alhaji kamiyo ya kai shi gidan likita a Buza, tun da can za ta ɗauko zobba. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce yana tausaya masa, amma in ya ɗauke shi a motar aiki za a ce ma'aikacinsa ne, alhali jiya aka sallame shi a gaban shaidu. Mani ya ƙara da cewa ai ba wanda ya ba shi iznin taɓa igiya. Kamiyo ta tashi ba kowa a bayanta. Hamma Sambo ne ya zo da jakinsa, ya shimfiɗa bargonsa a kai, muka ɗora Arzika, ni na riƙe shi ta dama shi ta hagu, muka kama hanyar Buza.

Likita ya ce wani abu ne ya goce a ƙashin bayansa. Arzika ya tashi daga baya, yana takawa da sanda biyu, amma bai ƙara ɗora komai a kafaɗa ba. Ni kuwa na koma shantiyen, don gida biyu na jiran dawa. Na sauke zobban, na gama rijiyar, ruwanta bai taɓa ƙafewa ba. In kun je garin yau za ku ji ana ce mata rijiyar Alhaji. Arzika ya koma zama a rumfa a kasuwar Tama yana tufkar igiyar kaba yana sayarwa. Duk igiyar ran da na ɗaura bayan nan daga hannunsa ta fito, kuma bai taɓa miƙo mini ba sai ya bi ta taƙi-taƙi da yatsa yana zagina wai na yi ƙiba. Bai daɗe sosai ba ya rasu, da damina, hatsi ya yi kyau a shekarar.

Da gwiwoyina suka gaji ni ma aka ba ni igiya, na riƙe wa wani yaron kirki har ƙarfina ya ƙare. Duk wanda ya zo ɗaukarmu, in ya fara maganar gwaji, sai in ce wa maginina ya ɗauki digarsa. Jikan ƙanena da ya ji wannan ya tambaye ni ko bayan Arzika na sami wani mai igiya nagari. Na ce masa na samu, da yawa ma, mutane ne masu ƙarfi masu amana, ƙafafunsu lafiya lau, suna ja sumul ba tangarɗa. Sai dai tun daga ranar nan ban ƙara rufe ido a kan igiya ba.